Teɓa Ba Hutu Ba Ce: Abin da Tumbi Ke Yi wa Ƙashin Baya

Lokacin hutun zangon da ya wuce, goggona ta sunkuya za ta ɗauki bokitin ruwa, sai ta ji bayanta ya riƙe. Muka ce ai sanyi ne. Bayan sati uku ana shafe-shafe, hoton asibiti ya nuna ɗaya daga gaɓoɓin ƙashin bayanta ya lotse. Ba faɗuwa ta yi ba, ba haɗari ba. Abin ya ɗaure min kai, don Goggo mai jiki ce, kuma mun taso muna jin cewa mai ƙiba ƙashinsa ya fi ƙwari.

Akwai ƙamshin gaskiya a maganar. Nauyi kan ƙara wa ƙashi kauri, kitsen ɗuwawu da cinya kuma kan tare kwankwaso idan an faɗi. Amma kitsen ciki, wanda ke naɗe hanji da hanta, daban yake. Yana sakin sinadaran da ke zuga ƙwayoyin da ke cinye ƙashi. Kitse kan kuma riƙe bitamin D, wanda jiki ke buƙata kafin ya tsotsi kalsiyam daga abinci. Ga ciwon suga da ke yawan bin teɓa, shi ma yana rage ingancin ƙashi. Sannan tumbi na jan jiki gaba, gaɓoɓin baya su yi ta dakon lodin dare da rana. Mata sun fi shiga haɗari bayan ɗaukewar al'ada.

Irin wannan karaya sau da yawa ba ta da hayaniya. Mutum ya rage tsayi ko ya fara doro, a ce tsufa ne.

To ina ruwan ɗan shekara 22? Ƙashi asusu ne, yawancin ajiyarsa kafin shekara 30 ake yin ta. Mu kuwa kullum Indomie da lemon kwalba, daga lakca sai gado da waya.

Sikeli kaɗai bai isa ba. Ku ari tef ɗin tela ku zagaya cikinku, tsakanin haƙarƙarin ƙarshe da saman kwankwaso. Kada awon ya kai rabin tsayinku: mai tsayin santimita 170 ya tsaya ƙasa da 85. A riƙa taka sayyada, a buga ƙwallo, a sha kindirmo, a ci zogale da ƙananan kifin da ake taunewa da ƙashinsu.

In kuma kun je gida kun tarar Mama ko Baba na kukan bayan da ya ƙi lafawa, don Allah ku kai su a ɗauki hoto.