Sabon Python ya fito: shin ya san haruffanmu?

Ranar 7 ga watan Oktoba na shekarar 2025, masu lura da harshen Python sunka fitar da sabon zubinsa mai lamba 3.14. Tun daga shekarar 2020 haka al'adarsu take: kowace Oktoba, lokacin da manoman ƙasar Tasawa da Mayahi ke ɗaurin dammunan hatsi, su kuma sai su fito da sabon zubi, sa'annan masu aiki da shi a duniya su yi ta kwararo tambayoyi. Wannan ya ce shin an ƙara mashi sauri? Wancan ya ce shin aikin da na rubuta bara zai tashi bana? Tambayoyi ne masu ma'ana. Amma akwai wadda ta fi su shafar mu a nan, kuma ba kasafai ake jin ta ba: shin wannan harshe ya iya riƙe ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba tare da ya lalata su ba?

Ga mai karatu wanda bai san zancen ba, Python ba harshen mutane ba ne. Hanya ce ta rubuta ma kwamfuta, wadda wasunmu ke ce ma ordinatar, umurni layi bayan layi: buɗe wannan takarda, ƙirga sunayen da ke ciki, jera su, buga su. Wani mutumin ƙasar Holan mai suna Guido van Rossum ya fara fitar da shi a shekarar 1991. Ba mesa ya nufa da sunan ba, ko da yake ma'anar kalmar ke nan da Ingilishi. Daga wani wasan ban dariya na talabijin ɗin Ingila ya ɗauko shi. Ba a sayen Python ko da dala ɗaya, ba a kuma ɓoye cikinsa. Kowa na da izinin ya karanta yadda anka gina shi, ya gyara, ya raba ma wasu. Shi ya sa ya dace da ƙasa irin tamu, inda kuɗin sayen manhaja ke da wuya.

To, a ɗauki misali daga Maijirgi, garin nan da ke bisa babbar hanya tsakanin Tasawa da Damagaram. Karamar hukuma irin wannan ba ta rasa jerin sunaye: na jariran da anka yi ma takardar haihuwa, na ɗiyan lakwal, na ƙauyuka da masu garinsu, na manoman da za a raba ma iri. A ce an ba wani saurayi da ya koyi Python aikin haɗa waɗannan jeri wuri ɗaya. Layi ashirin sun ishe shi. Wahalar na jiran shi a sunan jiharmu kanta, domin Maraɗi da ɗ mai ƙugiya ake rubuta ta.

Ƙugiyar nan ba ado ba ce. Ita ke raba fada da faɗa, baki da baƙi, kafa da ƙafa. Masana sun zauna bisa zancen haruffan harsunanmu a taron Bamako na 1966, sun sake zama a Yamai a 1978, kuma a 1999 gwamnatin Nijar ta tsaida ƙa'idar rubutun Hausa da doka. Tsofaffin ma'aikatan yaƙi da jahilci sun san yadda ake fama da keken rubutu na Faransanci: a buga d, a koma da alƙalami a ɗora mata ƙugiya da hannu. Kwamfuta ta gaji wannan naƙasa. Jadawalin haruffa na farko da Amurkawa sunka tsara a 1963 gurbi 128 gare shi, ba shi da ko é ta Faransanci, balle ƙ tamu. Sai a 1991 anka fito da Unicode, babban jadawali mai ba kowane harafi na duniya lambarsa. A cikinsa Ɗ tana da lamba 394, Ƙ tana da 408, ƴ tana da 436.

Python ya daɗe kafin ya shiga wannan gida da ƙafa biyu. Sai a zubi na 3.0, cikin Disamba 2008, anka mai da kowane rubutu na cikinsa ya zama na Unicode tun daga tushe, har anka yarda mai rubuta umurni ya laƙaba ma abubuwansa suna da haruffan harshensa, ya ce ƙauye ko ɗalibi. Canjin ya karya ayyukan mutane da yawa, ya ta da gardamar da ta ci shekara goma sha ɗaya, domin ba a daina kula da tsohon zubi na 2 ba sai ranar 1 ga Janairu 2020. Masu Ingilishi da yawa sun yi ƙorafin an ɗora masu wahalar banza. A wurinsu ƙila haka ne. A wurinmu babu sabon abin da ya taɓa shiga Python wanda ya kai wannan amfani.

Amma da saura. Harafi na zaune lafiya muddin yana cikin Python. Wurin shiga da fita ne ake samun ɓarna. Idan mai rubutu ya ce a buɗe takarda bai faɗi jadawalin da za a bi ba, sai Python ya bi na kwamfutar da yake ciki. Windows mai Faransanci, irin wadda ta cika ofisoshinmu, tana bin wani tsohon jadawali mai lamba 1252, mai gurbi 256 kawai, kuma babu harafi mai ƙugiya ko ɗaya a ciki. Idan za a rubuta, aiki ya tsaya cak da saƙon kuskure. Idan za a karanta, abin ya fi muni, domin sau da yawa ba ya tsayawa: Maraɗi ta koma MaraÉ—i, ƙasa ta koma Æ™asa, kuma a haka za a buga takarda a miƙa ma mutum. Dalili shi ne, a tsarin UTF-8 da duniya ke ajiye rubutu da shi yanzu, ɗ tana cin gurbi biyu, sai tsohon jadawali ya karanta kowane gurbi tamkar harafi dabam.

Masu lura da Python sun san wannan rami, kuma sun yi ta cike shi kaɗan-kaɗan. A zubi na 3.6, cikin 2016, sunka gyara sunayen takardu da allon umurni na Windows. A 3.7, cikin 2018, sunka ƙara wata kafa da mutum zai buɗe da kansa don kome ya bi UTF-8. A 3.10, cikin 2021, sunka sa gargaɗi da za a iya kunnawa, mai nuna kowane layin da anka manta faɗin jadawali. Sa'annan sunka tsaida shawara cewa daga zubi na 3.15 UTF-8 ne zai zama abin bi ko ba a faɗa ba. Watau kenan, 3.14 bai riga ya rufe ramin ba.

Akwai kuma abin da ko 3.15 ba zai gyara ba, shi ne jeri. Idan ka ce ma Python ya jera sunaye, lambobin haruffa yake dubawa, ba tsarin abacada da anka koya muna a aji ba. Tunda Z lambarta 90, Ɗ kuwa 394, sai Ɗahiru ya faɗa bayan Zakari, can ƙarshen takarda. Sakataren da ya duba ƙarƙashin D bai gan shi ba, sai ya ce babu sunansa. In rabon iri ne, mutum ya koma gida hannu sake. Maganin yana nan: ƙungiyar Unicode ta tanadi tsarin jerin Hausa, inda ɓ ke bin b, ɗ ke bin d, sh da ts kuma ke tsayawa a matsayin haruffa masu zaman kansu. Sai dai ba ya zuwa tare da Python. Ana ɗauko shi daga waje, ko mutum ya rubuta nasa ɗan jadawali na layi kaɗan. Haka nan umurnin da ke girmama harafin farko na suna yana ɗaukar alamar hamza tamkar ƙarshen kalma, sai Sa'adu ya fito Sa'Adu. Kuma a idon na'ura Maijirgi dabam, Maïjirgui dabam, Tasawa ba ta san Tessaoua ba. Wannan ba laifin Python ba ne. Rubutu biyu munka gada, na Hausa da na Faransanci, kuma mu za mu gaya ma na'ura cewa gari ɗaya ne.

Tambaya ta biyu da ya kamata a yi ma kowane sabon zubi ita ce ta tsohuwar na'ura. Tun daga 3.9, cikin 2020, Python ba ya hawa Windows 7; 3.8 ne na ƙarshe da ke hawa, shi ma an daina yi mashi gyara a Oktoba 2024, domin shekara biyar ake kula da kowane zubi. Ofishin da har yanzu ke lallaɓa irin wannan kwamfuta da hasken rana ba zai ga gyaran 3.15 ba ko ya fito. A ganina, wanda zai rubuta ma irin wannan ofishi aiki kada ya jira sabon zubi: ya faɗi UTF-8 da hannunsa a kowane layin da ke buɗe takarda, ya gwada aikin da sunaye masu ƙugiya huɗun nan kafin ya miƙa shi. Labari mai daɗi shi ne, daga 3.13 na 2024 an shigar da Android cikin na'urorin da Python ke kula da su a hukumance, kuma salula ta fi kwamfuta yawa a karkararmu nesa ba kusa ba.

Zancen ya ƙara nauyi tun watan Maris 2025, da kundin sake gina ƙasa ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. In takardun hukuma za su ƙara fitowa da Hausa, ta cikin irin waɗannan layukan umurni za su bi. Tun da van Rossum ya sauka daga shugabanci a 2018, majalisar mutum biyar da ake zaɓe ke yanke shawara bisa sababbin abubuwa, kuma ƙofar kai rahoton kuskure a buɗe take ga kowa, har ɗalibin Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi, wanda sunan makarantarsa kaɗai ya isa ya gwada sabon zubi da shi ranar da ya fito.