Zazzaɓin Kaska Mai Suna Biyu

A shekarar 1944, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, aka tura sojojin Tarayyar Sobiyet su taimaka da girbi a yankin Kirimiya. Gonakin sun daɗe ba noma, ciyawa ta rufe su, zomaye sun yi yawa, kaska ta samu wurin zama. Ba a jima ba sojoji kusan 200 suka kwanta. Zazzaɓi ne mai zafi, sai haɓo, sai jini ya riƙa tsattsafowa daga dasashi, fata ta yi tabo baƙi-baƙi. Masani Mikhail Chumakov ya bi diddigi har ya gano cizon kaska ne sila.

A 1956 kuma, can a Kisangani ta ƙasar Kwango, likita Ghislain Courtois ya ciro wata ƙwayar bairos daga jinin wani yaro mai zazzaɓi. Sai a 1969 Jordi Casals na Jami'ar Yale ya tabbatar cewa ƙwayar Kirimiya da ta Kwango abu guda ne. Daga nan cutar ta samu sunan wuraren biyu.

Abin al'ajabi shi ne, wannan ƙwaya tana shiga jikin saniya ko tunkiya ta fita, dabbar ko kiwo ba ta fasa ba. Amma cikin mutum goma da ta kama, takan kashe ɗaya zuwa huɗu.

Wani ɓangare na sirrinta ya fito fili a 2007. Da zarar cuta ta shiga, jikinmu yakan saki furotin mai suna intafiron, wanda ke sanar da sauran ƙwayoyin halitta su shirya. Saƙon ba ya tafiya sai an liƙa wa wasu furotin ƙananan alamomi, wato ubikwitin da ISG15. Ita kuwa ƙwayar tana ɗauke da wani sashe da ake kira OTU, aikinsa yanke waɗannan alamomin. Kamar ɓarawo ne da ya fara toshe bakin mai gadi, kafin gida ya farka ya gama kwasa. An gwada a ɓeraye: masu intafiron sun tsira, waɗanda aka hana wa aikinsa suka mutu cikin 'yan kwanaki.

Irin wannan kaskar, Hyalomma, tana nan a jikin shanunmu, kuma an taɓa samun ƙwayar a Najeriya. Saboda haka makiyayi ya daina murƙushe kaska da yatsa, mahauci kuma ya kare hannunsa daga ɗanyen jini.