Danshi a bangon ɗaki: nemi mafarinsa kafin yaɓe

Manomi na Tabotaki da kewayen Buza, in bangon ɗakinka ya yi danshi cikin Agusta, kada ka yi gaggawar yaɓe. Fara duba inda danshin yake.

In yana sama, hau soro bayan an ɗauke ruwa. Ko indararo ya toshe, ko rufi ya tsage.

In yana ƙasa, da fari-fari kamar gishiri, ruwa ne ke kwanciya a gindin bango. Yi masa hanya, ka ƙara ƙasa a wurin.

In har rani bai bushe ba, dubi randa ko wurin wanka.

Gyara mafarin, bari bango ya bushe, sannan ka yaɓa. Jiƙaƙƙen bango shi ke faɗa wa iyali cikin dare.