Ciwon dajin da ke biyo bayan dashen ƙoda

Wanda aka yi wa dashen ƙoda ba ya rabuwa da magani muddin ƙodar tana jikinsa. Garkuwar jiki tana ɗaukar sabuwar ƙodar a matsayin baƙuwa, ta far mata, don haka likitoci ke rage wa garkuwar ƙarfi da magunguna irin su tacrolimus da cyclosporine da mycophenolate. Matsalar ita ce garkuwar nan ce ke danne wasu ƙwayoyin bairos da ke kwance a jikin mutum tun yana yaro. Da ta yi sanyi sai su farka, wasunsu kuma su jawo ciwon daji. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2011, kan dashe sama da 175,000, ya nuna haɗarin ciwon daji ga waɗanda aka yi wa dashe ya ninka na sauran jama'a kusan sau biyu.

Wanda ya fi shafar Afirka shi ne sankarar Kaposi, wadda bairos ɗin HHV-8 ke haddasawa. An gano ƙwayar a 1994, kuma ta fi yawa a ƙasashen kudu da Sahara. A baƙar fata ciwon yakan fito kamar tabo mai duhu a ƙafa, ba zafi ba ƙaiƙayi, wani lokacin ƙafar ta kumbura. Yana kuma fitowa a ganɗa ko dasashi. Rashin zafin nan ne ke sa a raina shi, a yi ta shafa mai. Idan an gane shi da wuri, likita kan rage maganin ko ya sauya shi. A 2005 likitoci a Italiya sun mayar da majinyata 15 kan maganin sirolimus, tabon fatarsu ya ɓace, ƙodar kuma ta ci gaba da aiki.

Bairos ɗin Epstein-Barr, wanda kusan kowane baligi ke ɗauke da shi, yana iya jawo kansar ƙwayoyin garkuwa. Alamunta kaluluwar da ta ƙi sacewa, zazzaɓi, gumin dare da rama, abubuwan da ake saurin ɗora wa maleriya ko tarin fuka. Sai HPV mai kawo sankarar bakin mahaifa, da bairos ɗin ciwon hanta nau'in B da C.

A Najeriya an fara dashen ƙoda a asibitin St. Nicholas da ke Legas a 2000, Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya biyo baya a 2002. Mutumin Kafanchan ko Kagoro ko Zonkwa yakan je Kano ko Abuja ko Indiya a yi masa aikin, ya dawo gida da ledar magani. Likitan da ya yi dashen yana can nesa, wanda zai fara ganin tabon kuwa ma'aikacin asibitin gari ne. Shi ya sa ya kamata majinyaci ya faɗi cewa an yi masa dashe tun kafin a tambaye shi, a duba masa fata da cikin baki, a yanki ɗan nama a kai gwaji idan an ga abin zargi. Mata kuma su riƙa yin gwajin bakin mahaifa a kai a kai. Barin magani da ka saboda tsoron ciwon daji ganganci ne, domin jiki na iya ƙin ƙodar, mutum ya koma wankin ƙoda. Rage maganin hurumin likitan ƙoda ne, tare da na ciwon daji, irin waɗanda ke asibitin koyarwa na Shika a Zariya.