Ziyarar Maƙabartar Abu Ayyuba a Birnin Santambul

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, 'yan'uwa Musulmi, a wannan mako za mu leƙa ƙasar Turkiyya, birnin Istambul, wanda kakanninmu suka sani da sunan Santambul. A bakin wani reshen teku da Turkawa ke kira Halic akwai unguwar Ayyub, inda tsohuwar maƙabarta ta lulluɓe tudu tun daga gindinsa har bisa. Wurin ya shahara da kyan gani, domin kowane lokaci na shekara da irin rigar da yake sa masa. A watan Afrilu, idan sanyi ya janye, ciyawa da furanni sai su tsiro a tsakanin kaburbura. Da kaka manyan itatuwan farfajiyar masallaci su zubar da ganye. Da hunturu kuwa, wata shekarar dusar ƙanƙara takan rufe duwatsun fari fat. Dogayen itatuwan sarwu kaɗai ke zama kore shar rani da damina.

Asalin darajar wurin daga sahabi ne, Abu Ayyuba, watau Halidu ɗan Zaidu Ba'ansare, Allah Ya yarda da shi. Shi ne wanda taguwar Manzon Allah (S.A.W.) ta durƙusa kusa da gidansa ran da aka shiga Madina, ya sauki Annabi har aka gama ginin masallaci da ɗakuna. Da tsufansa, a zamanin Mu'awiya, ya bi rundunar da ta nufi birnin Kustantiniyya. Ciwo ya kama shi a hanya, ya yi wasiyya a tafi da gawarsa iyakar inda runduna ta iya kaiwa. Aka binne shi kusa da ganuwar birnin.

Sai bayan shekara wajen 780, a 1453, Sarki Muhammadu Alfatihi ya ci birnin. Tarihin Turkawa ya nuna malaminsa, Shaihu Ak Shamsuddin, shi ya nuna inda kabarin yake. Aka gina masallaci a 1458, aka sake gina shi a 1800 zamanin Sarki Salim na Uku. A da, a nan ake rataya wa sabon Sarkin Usmaniyya takobi in ya hau gado. Tun daga nan manya da ƙanana suka riƙa kwaɗayin a binne su kusa da mai masaukin Annabi. Cikinsu akwai Shaihul Islami Abus Su'ud mai tafsiri, wanda ya rasu a 1574, da Waziri Sokollu Muhammadu Basha, 1579, da Sarki Muhammadu Rashad, 1918.

Mai ziyara in ya kama hanyar hawa tudun, zai ga duwatsun kaburbura tsaitsaye kamar mutane a sahu. A kan na maza an sassaƙa rawani, kowane da irin naɗinsa, na malami dabam, na ma'aikacin fada dabam. Na baya-baya kuwa dara aka sassaƙa, domin ita ta maye gurbin rawani ga ma'aikatan gwamnati daga 1829. Na mata an yi musu ado da zanen furanni. Galibi rubutun yakan fara da ambaton cewa Allah Shi ne Mai wanzuwa, ya ƙare da roƙon mai wucewa ya karanta Fatiha. Abin tausayi, tun da aka sauya rubutun Turkanci daga haruffan Larabci zuwa na boko a 1928, yawancin jikokin waɗannan bayin Allah ba sa iya karanta roƙon da kakanninsu suka bar musu.

Can wani gefe akwai waɗansu duwatsu marasa ado, ba rubutu, ba suna. Na hauni ne, masu zartar da hukuncin kisa, waɗanda jama'a suka ƙi haɗa kabari da su. To, ga waziri, ga hauni, ƙasa ɗaya ta haɗiye su, ruwan sama ɗaya ke sauka a kansu. Allah kaɗai Ya san wanda ya tsira.

A ƙwanƙolin tudun akwai wurin shan shayi mai suna Piyer Loti, sunan wani marubucin Faransa da ya so birnin. Tun 2005 aka kafa wata mota mai tafiya a kan igiyar ƙarfe, tana ɗaukar mutane ta bisa kaburbura zuwa can. Mutum sai ya ƙetare dubban mamata cikin 'yan mintoci, bai yi musu sallama ba, ya sha shayi, ya ɗauki hoto, ya sauko. A nan ne ya kamata Musulmi ya tsaya ya tambayi kansa: me ya kawo ni?

Kallon furanni ba laifi ba ne. Hasali ma Alƙur'ani mai girma, a Suratul Hajji da Suratur Rum da Fussilat, ya kafa hujjar tashin ƙiyama da yadda ƙasa ke rayuwa bayan mutuwarta in ruwa ya sauka. Ashe furen da ya tsiro a kan kabari wa'azi ne, ba abin shagala ba. Kuma ya tabbata cikin Sahihu Muslim cewa Annabi (S.A.W.) ya hana ziyarar kaburbura da farko, daga baya ya yi izni, domin tana tuna wa mutum mutuwa. Ladubbanta sanannu ne: a yi wa mamata sallama, a roƙa musu gafara, kada a zauna a kan kabari, kada a taka shi. Buƙata kuwa wajen Allah Shi kaɗai ake nemanta, ko da a gaban kabarin sahabi ne.

Saboda haka wanda Allah Ya nufa da zuwa Ayyub, in yana da ƙarfi, ya hau da ƙafa, ya biya wa masu duwatsun nan roƙonsu. Wanda bai sami zuwa ba, ai damina na tafe, maƙabartar garinsu ma za ta yi kore. Ya je ya duba, ya gyara kabarin da ruwa ya rusa, ya yi wa iyayensa addu'a.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu cika da imani, amin.