Mi ya kashe talo-talon Ingila?

A shekarar 1960, wata cuta ta faɗa wa talo-talo a ƙasar Ingila. Cikin ƴan watanni, fiye da 100.000 suka mutu. Likitocin dabbobi suka nemi ƙwayar cutar, ba su same ta ba. Sai aka lura tsuntsayen abinci ɗaya suka ci: tunkuzar gujiya da aka kawo daga Birazil.

Masana suka ɗebi tunkuzar, suka ba ƴan tsakin agwagwa. Hantarsu ta lalace, suka mutu. A 1961 aka gano dalili. Wata hunhuna ce da take kama gujiya in an aje ta da danshi. Hunhunar tana fid da guba mai suna afalatoksin. Dafuwa ba ta kashe wannan guba. In saniya ta ci, gubar tana shiga nononta, ta kai ga mai sha.

Shi ya sa ƙasashe da yawa suka kafa dokar auna abincin dabbobi. Manomi ma yana da nasa aiki: ya shanya gujiya ta bushe sarai, ya tsince ruɓaɓɓu ya binne, kada ya ba awaki.