Matameye: Awa nawa ya kamata yaron injin niƙa ya yi cikin ƙara da ƙura?

A Matameye, hedikwatar gundumar Kance a jihar Damagaram, da wuya ka ratsa unguwa ba ka ji rugugin injin niƙa ko na markaɗe ba. Ga masu walda da kafintoci a bakin hanya, ga janareta idan aka ɗauke wuta. Galibin masu tsayuwa a kan injunan nan matasa ne, daga safiya har magariba, kai da gira fari fat da gari, kunne kuma a buɗe.

Da yawansu ba su san cewa ƙarar nan da ƙurar nan suna da ma'auni ba, kuma ƙasarsu ta yi alƙawarin sa musu iyaka. A 1977 Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, ILO, ta zartar da yarjejeniya mai lamba 148 kan gurɓatar iska da ƙara da jijjiga a wurin aiki, Nijar kuma ta amince da ita a 1993. Yarjejeniyar ta ɗora wa hukuma nauyin ƙayyade iyakar da ma'aikaci zai iya ɗauka. Ta ce a fara da gyara injin da wurin aikin, idan hakan bai wadatar ba mai wurin ya ba da kayan kariya, gwajin lafiya kuma kada ya ci wa ma'aikaci ko dala.

Ana auna ƙara da desibel. Ma'aunin hukumar NIOSH ta Amurka, wanda ƙwararru da dama ke bi, shi ne desibel 85 na awa 8. Duk ƙarin desibel 3 yana raba lokacin biyu: 88 awa 4, 91 awa 2, idan ta kai 100 minti 15 kacal. Ko babu na'ura akwai alama: idan sai ka ɗaga murya kafin wanda ke dab da kai ya ji ka, to ƙarar ta kai matakin haɗari. Kurumtar da ƙara ke jawowa a hankali take shigowa, sau da yawa da shuwa a kunne, kuma jin da ya tafi ba ya dawowa.

Jijjiga kuwa hannu take kamawa. Mai riƙe injin yankan ƙarfe ko na fasa dutse shekara da shekaru yakan wayi gari yatsunsa sun mutu, riƙo ya yi rauni. Shi ya sa Tarayyar Turai ta sa mata iyaka a doka tun 2002.

Ita ma ƙura iri-iri ce. Ta gari tana haddasa asma. Ta dutse tana jawo silikosis, cutar huhu marar magani da ke buɗe wa tarin fuka ƙofa, kuma ita ce ke jiran matasan da ke tafiya haƙar zinare a Jado tun 2014. Maƙwabta sun ga iyakar abin a Zamfara a 2010, lokacin da ƙurar dutsen zinare mai gubar dalma, da ake niƙawa a cikin gari, ta kashe yara kusan 400.

Nijar na da dokar ƙwadago ta 2012, da sufetocin aiki, da asusun CNSS mai biyan diyyar cututtukan aiki. Sai dai mafi yawan 'yan ƙasar suna aiki ne ba rajista, ba takardar ɗaukar aiki. Yaron inji a Matameye yana cikinsu, don haka idan kunnensa ya mutu, shi da iyayensa ne ke ɗaukar asarar.

Kafin sufeto ya iso, akwai abin da mai inji zai iya yi yau: ya gyara salansa, ya ɗaure injin a kan daɓe mai ƙarfi, ya buɗe tagogi, ya raba aikin tsakanin yara biyu, ya yayyafa ruwa inda ake fasa dutse. Ku kuma da ke Kano ko Legas ko Aljeriya kuna turo kuɗi a saya wa ƙane inji, ku haɗa da abin toshe kunne da takunkumin ƙura mai kyau. Kuɗinsu bai kai na man da injin ke sha a mako guda ba.